Kumatun Auta

"Ba da faɗa na zo ba," in ji Hajiya, "amma maganar auren nan a dakata da ita."

Ko mayafinta ba ta sassauta ba, ruwan da Umma ta ajiye mata kuwa ko kallo bai ishe ta ba. A bakin kujera ta ɗosana kamar wadda ta baro tukunya a kan wuta.

Auta tana bayan labulen ɗaki da rigar wata amarya a cinyarta, tana kama mata hannu. Allurar ta tsaya cak. Hajiya ita ce mahaifiyar Mai Gilashi, saurayin da manya suka riga suka tsayar da maganarsu, wanda Auta ta gama ɗinka labulen gidansu a zuci har da zaɓen kala.

Umma ta ce, "Subhanallahi! Hajiya, lafiya? Wani abin yarinyar ta yi?"

"Ke za ki faɗa mini, Maman Auta. Na je asibiti duba 'yar ƙanwata, da idona na ga 'yarki a kan benci, tsakiyar masu awon ciki, da kati a hannu. Ba wani ne ya kawo mini ba balle a ce sharri aka yi mata. Fuska ta cika ta yi suntum, ƙafa ta hau, ina kallo ta tashi da gudu tana toshe baki. Ni ma na haifa, na san abin da na gani."

Duk abin da Hajiya ta gani gaskiya ne, fassarar ce ta sha bamban. Wanda ya tsara asibitin nan, Allah ya yafe masa, ɗakin likitar ciwon gaɓoɓi da ɗakin awon ciki baranda ɗaya ya haɗa su, benci ma ɗaya suke rabawa.

Ciwo ne da Auta, kuma Mai Gilashi bai sani ba.

Tun bara ya fara mata. Ta tashi da safe yatsunta sun ƙage, almakashi ma ya gagare ta riƙewa sai rana ta ɗaga. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gashi yana bin mataji, sannan wani jan tabo ya haye karan hancinta ya bazu kan kumatu biyu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. An sha maganin maleriya, an sha na taifot, an sake komawa maleriya, har sai da wata likita ta kalle ta da kyau ta ce a ɗebi jini da fitsari. Sakamako ya fito da sunan da babu wanda ya taɓa ji a gidan: lupus.

Aka ɗora ta a kan magani, jiki ya yi sauƙi. Sai dai a cikin magungunan akwai wata 'yar farar ƙwaya, ita ce ta kashe wutar ciwon, ita ce kuma ta hura mata kumatu.

Tun ranar Umma ta kafa doka. Babu wanda zai ji, musamman dangin miji. In an ɗaura, ya ji a ɗakinsa.

Shi ya sa yanzu, da Hajiya ta tsare ta da ido, Umma ta ce, "Ƙiba ce kawai, Hajiya. Kin san 'yan matan yanzu da kwaɗayi."

"Ƙiba ba ta kai mutum layin awo." Hajiya ta miƙe tana gyara jaka. "Ba zan kai maganar ko'ina ba, ni ma ina da 'ya'ya mata. Amma na ce wa ɗana ya ɗauke ƙafa sai na ga abin da hali ya yi."

Ƙofa tana rufuwa Auta ta faɗo falon, rigar amarya tana jan ƙasa.

"Umma, kin ji abin da ta ce mini? Kin ji, kika yi shiru?"

"Na ji."

"Don girman Allah ki bar ni in faɗa musu gaskiya. Cikin shege fa take nufi, Umma! Ni?"

Umma ta kamo hannunta ta zaunar da ita, idonta ita ma ya kawo ruwa. "Saurare ni, Autana. Zargin ciki lokaci ne ke wanke shi. Nan da 'yan watanni za su ga cikinki a shafe, ita da kanta za ta zo tana sunkuyar da kai. Amma ranar da kika buɗe baki kika ce ina da ciwon da ba ya warkewa, wa zai wanke miki wannan? Wace uwa ce za ta ji haka ta ce a kawo mata?"

"Shi ba haka yake ba."

"Shi ɗin ba daga sama ya faɗo ba, uwa gare shi."

Auta ta koma ɗaki ta tsaya gaban madubi. Ta danna kumatun da yatsa, ta tsotse su ciki, ta sake su suka dawo. Ta tsani fuskar nan tsana mai tsanani. Likita ta ja mata kunne ba sau ɗaya ba, cewa farar ƙwayar nan ba a yanke ta lokaci guda, a hankali ake rage ta kuma ita likitar ce mai ragewa. Auta ta tuna sarai. Amma budurwar da aka jefa da irin wannan magana, ba da kunne take tunani ba.

Washegari ta tafi da ƙwayoyin shago, ta juye su cikin gwangwanin maɓallai ta danne murfin.

*

Shagon ɗinkin nata ɗan ƙarami ne, keke biyu da teburin yanka, amma gabansa kaf gilashi ne tun daga sama har ƙasa, fari tas. Babu shagon da ya kai shi kyau a layin. Mai Gilashi ne ya sa mata shi kyauta, farkon haɗuwarsu, wai don masu wucewa su ga aikin hannunta. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya hura masa iska ya goge da hannun riga, yana murmushi kamar ya ga ɗan fari.

Abin da bai sani ba, daga azahar rana ta cikin gilashin nan take shigowa ta zauna daram a kan keken Auta. Rana kuwa abokiyar gabar mai lupus ce, likita ta ce har wadda ta ratso gilashi. Sai Auta ta samo dabara. Takan rataya wani tsohon zani ta rufe gilashin, da ta jiyo ƙarar babur ɗinsa ta yi wuf ta fizge ta cusa ƙarƙashin tebur. Ta gwammace ta gasu da ta ga ransa ya sosu.

Yanzu kuwa babur ɗin ya daina zuwa. Waya yake kira, safe da yamma, ita kuma ta kasa ɗagawa, don ba ta san me za ta ce ba. Ta ɗauki wayar ta ajiye, ta leƙa titi ta dawo, ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke. Ko zama ta kasa yi wuri ɗaya.

Wanda bai daina zuwa ba shi ne Mai Kemis na tsallaken titi. A wajensa take sayen magani, saboda haka ya san komai, kuma ya daɗe yana sonta. Mutum ne mai tsafta da lissafin magana, Umma ma tana yabonsa. Ranar ya shigo da wando a leda, wandon da ko zare ɗaya bai tsinke masa ba.

"Ƙanwata, ban ga kin zo karɓar farar ƙwayarki ba."

"A asibiti na karɓa, Yaya."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Allah ya sa. Wannan ba ƙwayar wasa ba ce, kin dai sani." Ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. "Na ji abin da ya faru. Unguwa ba ta da rufi. Ni ba zan yi miki kwana-kwana ba, kin san abin da ke raina tun ba yau ba. Ni ba sai an ɓoye mini komai ba. Na san sunan ciwon, na san maganinsa, a kan kantata yake. A gidana ba za ki taɓa shan ƙwaya a ɓoye ba."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce.

"Na gode, Yaya. Amma an riga an yi mini magana da wani."

"Wanin da uwarsa ta ce ya ɗauke ƙafa, ya ɗauke?" Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ki yi tunani. Wandon ba sauri nake ba."

Ya fita ya bar ta da zuciya kamar ta fashe.

Kumatun da aka yi abin dominsu kuwa ko gezau. Kullum da safe sai ta duba, suna nan cif. Ciwon ne ya ji an buɗe masa ƙofa. Yatsu suka koma ƙagewa, gwiwa ta ɗau zafi, abinci ya fita ranta, in ta miƙe sai ta dafa bango. Fitsarinta ya fara kumfa, abin da likita ta ce in ta gani ta zo da gudu. Tabon fuska ya dawo ja wur, ta bi shi da hoda ta danne. Umma ta tambaya, ta ce gajiyar aikin amarya ce.

Ana haka, wata la'asar, ta jiyo ƙarar babur ɗin.

Ta yunƙura za ta fizge zanin, gwiwa ta ce ba da ita ba. Kafin ta kai ga tashi har ya turo ƙofa.

Ya rame. Dogo ne dama, yanzu ya ƙara tsawo, ga tef ɗin awo a maƙale a ƙugu kamar kullum. Ya yi sallama a ciki-ciki, ya tsaya yana kallonta.

"Auta, me na yi miki da ba kya ɗaga wayata?"

Ta sunkuyar da kai.

"Hajiya ta hana ni zuwa, na bi maganarta har na kasa. Wallahi tallahi abin da ta faɗa ban yarda da shi ba, ko na ƙiftawar ido. Na san wadda zan aura. Amma ki taimake ni, ki ba ni abin da zan riƙe in je mata da shi. Kin je asibitin ko ba ki je ba?"

"Na je."

"Me kika je yi?"

Hawaye suka fara sauka kan rigar amaryar. Ta tuna dokar Umma.

"Ki yi magana mana! Yanzu na tsaya sayen ruwa a kemis ɗin can, mutumin nan ya kalle ni yana murmushi, wai akwai abin da ya sani game da ke wanda ni ban sani ba, in bar wa masu iyawa. Shi ya sani, Auta? Mai Kemis ya sani, ni da zan aure ki ina yawo kamar baƙo?"

"Ba yadda kake zato ba ne."

"To yaya ne? Kullum na tambaye ki lafiya, ki ce lafiya lau. Na ce kin yi ƙiba, kika yi dariya. Ashe ni kaɗai ake yi wa dariyar."

"Ka yi haƙuri. Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"Tsoron ka tafi!" Kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. "In na yi shiru ka tafi, in na faɗa ka tafi. Ka gaya mini wanne zan ɗauka? Ni ban iya rayuwar da babu kai a ciki ba, ban ma san ta inda ake fara ta ba."

Ya matso zai yi magana, sai idonsa ya sauka kan zanin da ke rataye.

"Wannan fa? Me ya sa kika rufe gilashin?" Muryarsa ta sake tashi. "Wa ake ɓoyewa a ciki da ba a son 'yan titi su gani?"

"Kar ka cire, don Allah..."

Ya riga ya fizge. Rana ta faɗo cikin shagon gaba ɗaya ta sauka a fuskarta. Hawaye sun wanke hodar, ga jan tabon nan ɓaro-ɓaro daga kunci zuwa kunci.

"Inna lillahi! Auta, mene ne wannan a fuskarki?"

Ta dafa keke ta miƙe, ta buɗe baki za ta faɗa masa komai, dokar Umma ta tafi duk inda za ta. Sai shagon ya juya mata. Abin da ta ji na ƙarshe shi ne sunanta a bakinsa, da ƙarar almakashi a kan siminti.

*

Sai washegari da hantsi ta dawo hayyacinta sosai a gadon asibiti, da robar ƙarin ruwa a hannu. Umma tana gefen gado ido ya kumbura. Mai Gilashi yana tsaye jikin bango da kayan jiya. A kan kujera kuwa Hajiya ce, shi ya kira ta ya ce ta zo ta ji da kunnenta.

Likitar ta shigo, 'yar gajeruwar mace mai kaifin harshe, ta tsaya a kan Auta ta riƙe ƙugu.

"Sannu, gwana. Yaushe kika zama likita ban sani ba? Ina farar ƙwayar?"

"Na daina sha," in ji Auta a hankali.

Umma ta dafe ƙirji. "Kin daina? Auta!"

"Saboda kumatu, ko? Ba ke ce ta farko ba." Likitar ta girgiza kai. "Jikinki ya saba da ita, kika yanke masa rana ɗaya, jininki ya faɗi ƙasa warwas. Ciwon kuma ya samu fili har ya fara taɓa ƙoda. Da an ƙara jinkiri, da ba wannan maganar muke yi ba." Ta waiwaya ta dubi mutanen ɗakin, ta dawo kan Auta. "Ciwonki sirrinki ne. In yi bayani a gabansu, ko su fita?"

Umma ta buɗe baki. Auta ta riga ta.

"Ki faɗa musu, Likita. Na gaji."

Hajiya ta gyara zama. "Ni tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Ciki ne da ita?"

"Ciki? Wa ya ce?" Likitar ta kalli Hajiya, ta kalli Auta, nan take ta gano. "Af, bencin nan ne ko? Na yi magana a raba mana shi har na gaji. Hajiya, babu ciki, ba a kuma taɓa yi ba. Wajena take zuwa. Kumburin fuska maganina ne, tashin zuciyar ma shi ne, kumburin ƙafar ma haka."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Likitar ta ci gaba da bayani.

"Kowane mutum yana da sojoji a jininsa masu yaƙar cuta. Nata sun rikice, sun daina bambance ɗan gida da baƙo, suka juyo suna dukan gaɓoɓinta da fatarta da ƙodarta. Shi ake kira lupus."

"Me ke kawo shi? Ko hannu aka sa mata?" Hajiya ta tambaya.

"Babu hannun kowa. Takamaiman dalilinsa har yau ba a gama sani ba. Akwai ɗan abin da ake gadowa a jini, ya fi kama mata a shekarun ƙuruciya, sannan wani abu ya zo ya tashe shi, kamar zafin rana ko wata rashin lafiya. Ba laifinta ba ne, ba na uwarta ba."

"Ana ɗauka?"

"Ko kofi ɗaya kuka sha ruwa shekara da shekaru, ba a ɗauka."

"Yana warkewa?"

Wannan ce tambayar da Umma ta yi wata da watanni tana gudu.

"Ba ya warkewa," in ji likitar kai tsaye. "Amma yana kwanciya, ya yi barci mai tsawo, in ana shan magani ana zuwa gwaji. Akwai ƙwayar da za ta daɗe tana sha, ita sai an riƙa duba mata ido lokaci-lokaci. Farar kuma da ta tsana, da kaina zan rage ta sannu a hankali, kumatun su sauka. Ina da masu irin ciwonta da ke aikinsu, suna gidan mazajensu."

"Haihuwa fa?"

"Da yawa suna haihuwa. Amma ba da ka ake yi ba. Sai ciwon ya lafa, mun canza wasu magunguna, muna sa ido tun daga farko har ƙarshe. Akwai haɗari, ba zan ɓoye miki ba."

Hajiya ta taso ta zo bakin gadon. Hawaye ne a idonta, na gaske. "'Yata, na ɗauki alhakinki. Na jefe ki da abin da ko a mafarki ba ki yi ba. Ki yafe mini don Allah."

"Na yafe, Hajiya."

Zuciyar Auta ta fara sauka. Sai Hajiya ta juya wajen Umma, murya ta canza.

"Amma ke, Maman Auta, kin zauna kina kallona ina zubar da mutuncin 'yarki, kika ce mini ƙiba. Da so kuka yi sai an ɗaura mu ji? Ɗa namiji ɗaya gare ni. Wannan ba maganar da zan yanke a tsaye ba ce." Ta saɓa jaka. "Kai, taso mu tafi."

Mai Gilashi ya ɗago daga jikin bango, ba Auta ya kalla ba, likitar ya kalla.

"Likita, kin ce rana tana tashe shi. Har wadda ta biyo ta cikin gilashi?"

"Har ita. Farin gilashi ba ya tare ta duka."

Fuskarsa ta yi wani iri. Ya sunkuyar da kai ya bi bayan mahaifiyarsa, ko sai an jima bai ce ba.

Umma ta zauna daɓas. Ba ta ce na faɗa miki ba, amma kallon da ta yi wa Auta ya faɗa.

*

Har aka sallame ta bai kira ba. Auta ta kwana ta tashi da waya a hannu, duk ƙarar da ta yi sai ta duba ta ga masu ɗinki ne ke cigiyar kayansu. Mai Kemis kuwa ya zo dubiya har sau biyu da ledar lemo, Umma tana ta sa masa albarka da ƙarfi don a ji.

Kashegarin komawarsu gida Auta ta ce sai ta je shago ta ɗauko rigar amarya, ko karyawa ba ta tsaya yi ba. Umma ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba, suka tari tasi.

Tun daga kan kwana Umma ta hango. Ta damƙi hannun Auta.

"La ilaha illallahu! Kin gani ko? Har kyautarsa ya zo cirewa."

Gaban shagon a wangale yake kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ga babur ɗin a gefe, ga Mai Gilashi ya rungumo farin gilashin nan da safar hannu, yana jingine shi a bango. Maƙwabciyarta mai ajiye mata makulli tana tsaye tana kallo. A tsallake kuma Mai Kemis ya fito ƙofar kantinsa ya harɗe hannu.

Auta ba ta san lokacin da ta fita daga motar ba. Gwiwar da ke ciwo ma ta manta da ita.

"Da ka bari na warke!" Ta nufe shi. "Da ka aiko an faɗa mini, da kaina zan sa a cire a kai maka har gida. Sai ka tara mini layi guda suna kallo? Ciwo na yi, ba sata ba!"

Ya juyo a firgice. "Auta? Me kike yi a cikin rana? Shiga ciki!"

"Ba zan shiga ba. Ka kwashe, har ƙusoshin ka haɗa."

Bai tsaya gardama ba. Ya cire hularsa ya kifa mata a kan ɗankwali, ya nuna mata cikin shagon da haɓa.

A jikin teburin yanka wani gilashin ne a jingine, sabo, ko takardar gefensa ba a ɓare ba. Mai duhu ne, launin ruwan shayi.

"Na koma wajen likitarki na tambaye ta irin wanda ke tare abin da ke ƙona ki," ya ce. "Babu shi a nan kusa, sai da na sa aka kawo. Ke za ki ga titi, rana ba za ta gan ki ba."

Ta kalli gilashin, ta kalle shi. "To me ya hana ka kira ni?"

"Kunya." Idonsa ya ciko. "Kullum ina zuwa ina goge shi ina jin daɗi, ashe gasa ki nake yi, ke kuma kina ɓoye zani don kar raina ya ɓaci. Ranar nan da hannuna na fizge shi. Da wane baki zan kira ki, ban gyara ba?"

Umma da ta biyo baya da shirin faɗa ta tsaya a bakin ƙofa, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauko gwangwanin maɓallai ya girgiza. "Da na ja keke wannan ya faɗi. Auta, saboda maganar Hajiya kika so kashe mini kanki?"

"Fuskar ce na tsana."

"Ni na ce miki na tsane ta? Na yau kin sha?"

"Yana jaka. Ban karya ba."

Ya ciro biredin da ya sayo wa kansa daga aljihun babur, ya haɗa da robar ruwa ya ajiye mata a kan keke. Ya tsaya a kanta har ta ci, ta ɓallo farar ƙwayar. Karon farko ke nan da ta sha ta a gaban idonsa, ta haɗiye da hawaye.

"Hajiya fa?" ta tambaya.

Ya murza safar hannunsa. "Ba ta ce komai ba har yanzu. Ba zan yi mata tsawa ba, uwata ce. Amma na faɗa mata ko shekara nawa za ta ɗauka tana tunani, a nan za ta same ni."

Bai rufe baki ba waya ta ɗau ƙara. Ya laluba aljihu, ba tasa ba ce. Auta ta ciro tata, ta ga sunan. Ta juya masa fuskar wayar ya gani.

Ta goge ido da bayan hannu ta ɗaga. "Salamu alaikum, Hajiya. Ina kwana?"

"Lafiya. Ya jikin?" Muryar babu wasa a cikinta. "Kar ki ga na kira ki, ki ɗauka an gama, ban ce na yarda ba. Yaushe za ki koma wajen likitar nan?"

"Sati mai zuwa, Hajiya."

"To ki biyo ta gida ki ɗauke ni, ina da sauran tambayoyi. A kan bencin nan na gan ki na yanke miki hukunci, a kansa zan zauna kusa da ke mu jira layi. Duk mai son kallo ya kalle mu tare."